Hannu Ya Iya, Ina Shaida?



Ni mutumin ƙasar Cadakori ne, cikin Gobir. Noma na gada. Gini kuwa can Ikko na koyo shi. Karatu da rubutu sai da na yi gemu na same su, a makarantar yaƙi da jahilci. Da hannuna na rubuta wannan takarda. In kun ga kuskure, ku yi mini aikin gafara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar jikana. Bana, bayan an gama ɗaurin hatsi, ya iske ni gindin dogon yaro da salularsa a hannu. Ya ce, "Kaka, zan tafi Kanada."

Na ce, "Abokina, ita Kanadar gaba da Dakwaro take ko baya?"

Ya yi dariya, sa'an nan ya zauna ya yi mini bayani. Wai wani mutum ne a Maraɗi ya gaya masa ana neman masu sana'a can. Wai ana ba su takardar zama ta har abada. In an ba mutumin nan miliyan biyu, zai fid da masa biza cikin wata ɗaya. Jikan nawa ya taɓa walda. Rani biyu ya yi a gaban wani mai walda. Shi ne yake so a sai da shanun huɗa guda biyu, a jinginar da gonar bayan gari, a haɗa masa kuɗin.

Ban ce masa i ba, ban ce masa a'a ba. Na ce ya ba ni kwana uku. Daren nan ban yi barci ba. Gonar nan ubana ya sare ta. Shanun nan su ke ci da gidan. Amma kuma yaro ne mai zuciyar nema, ba na so in kashe masa ita. Da kwana uku sunka cika, na kira shi na ba shi labarina. Na ga ya kamata ku ma ku ji, don na san irin wannan magana tana cikin gidaje da yawa, daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa.

Kawuna da Kumasi

Ina yaro, ban fi shekara goma sha ɗaya ba, kawuna ya dawo daga Kumasi. Shekara ashirin ya yi can cikin zango yana fataucin goro. Yana da ɗaki, yana da mata da ɗiya. Mu a nan mun ɗauka ya zama ɗan Gana.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba da doka. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi kwana 14 ya bar ƙasar. Kawuna bai taɓa neman takardar nan ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya iso gida da akwati ɗaya da buta. Bashin da yake bin mutane duk ya bar shi can.

Na tuna abin da ya ce wa ubana da dare. Ya ce, "Yaya, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba." Na ji da kunnena. Amma kunnen yaro ne, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Yadda na tafi

Waɗanda sunka manyanta sun san farin 1973. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, ita ce kuwa kuɗin haraji da kuɗin aure a ƙasar Maraɗi. Can Najeriya a lokacin kuɗin man fetur sun yi yawa. Ko'ina gini ake yi. Duk wanda ya dawo daga cin rani, da rediyo yake dawowa, da agogo, wani har da keke.

Da kakar 1976 ni ma na ɗaura ƴan tsummana. Mu huɗu ne. Munka bi ta Tsibiri, munka kwana Maraɗi. Daga nan Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano. A Kano munka shiga jirgin ƙasa har Ikko. Ba ni da takardar haihuwa. Ba ni da katin ɗan ƙasa. Ba kuwa wanda ya tare ni a hanya.

A Agege na sauka, wajen Hausawa. Bayan mako guda na samu aikin lebura a wani kamfanin gini. Kwanon sarki na fara ɗauka. Yashi, tsakuwa, siminti, tun safe har la'asar. Magatakarda ya rubuta sunana cikin littafi. Ya tambaye ni garinmu, na ce Nijar. Ya rubuta "lebura". Na dangwala yatsa. Ku riƙe wannan kalma ta lebura, za mu komo kanta.

A wurin akwai wani magini ɗan Togo. A nan muna cewa maso, can kuwa birkila suke cewa. Ya girme ni da kamar shekara goma. Ya ga ina kallon hannunsa, sai ya fara koya mini. Ya nuna mini yadda ake kwaɓa siminti, da yadda ake ja igiya, da yadda ake duba ma'aunin ruwa don kada katanga ta karkace. Cikin shekara biyu na iya jera bulo. Cikin shekara huɗu ina yin shafe da daɓe, har ana ba ni leburori biyu. Kuɗina sun ƙaru. Kowace damina ina aiko da na hatsi. Na zo gida na yi aure, na koma.

Wata rana ɗan Togon nan ya buɗe jakarsa ya nuna mini takardu biyu cikin leda. Ta farko daga makarantar sana'a ta ƙasarsu. Ta biyu daga ma'aikatar ƙwadago ta Najeriya. Ma'aikatar nan tana yi wa masu aikin hannu jarrabawa. Daraja uku gare ta. Ana farawa da ta uku, a hau ta biyu, a kai ta ɗaya. Ya ce mini, "Ƙanena, je ka ka yi. Hannunka ya isa."

Na tambayi abin da ake bukata. Anka ce hoto, da ƴan kuɗi, da takarda daga wurin aiki, da cika wata takarda. Ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Kunya ta kama ni. Na ɓoye kunyar cikin fahariya. Na ce masa, "Ni hannuna ne shaidata." Ya girgiza kai, ya mai da takardunsa cikin leda.

Kwana casa'in

Akwai abin da ya ƙara rufe mana ido. A 1975 ƙasashen Afirka ta Yamma sun kafa ƙungiyar CEDEAO, a nan Ikko ɗin. A 1979, a Dakar, shugabanni sun sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. Munka ji a rediyo, munka yi murna. Munka ce shi ke nan, an zama ƙasa ɗaya.

Ashe rabin maganar munka ji. Abin da yarjejeniyar ta ce a matakin farko shi ne: ɗan ƙungiya yana iya shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ya yi kwana 90. Shi ma sai yana da takardar tafiya da katin lamba na likita. In zai wuce kwana 90, sai ya nemi izini. Maganar zama da neman aiki ba a sa mata hannu ba sai 1986. Ni kuwa na yi shekara shida, ba kwana 90 ba. Wanda bai iya karatu ba, abin da anka gaya masa shi ne dokarsa.

Janairu 1983

Daga 1982 kuɗin mai sunka faɗi. Gine-gine sunka fara tsayawa. Ƴan ƙasa da yawa sun rasa aiki. In tuwo ya yi kaɗan, baƙo ake fara kallo.

Ranar 17 ga Janairu 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya yi sanarwa. Duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, ya bar ƙasar kafin ƙarshen wata. Mako biyu ke nan. Irin na kawuna sak.

Bayan ƴan kwanaki anka yi sassauci. Anka ce masu sana'a, irin magina da kafintoci da masu aikin jinya da masu buga tafireta, an ƙara musu har 28 ga Fabrairu. Da na ji haka, hankalina ya kwanta. Na ce ai ni magini ne. Wata guda ya isa in san abin yi.

Da safe anka tara mu baƙi a ƙofar ofis. Magatakarda ya fito da littafinsa. Ya ce kamfani ba zai riƙe wanda hukuma ta ce ya tafi ba. Ya fara kiran suna. Da ya zo kan ɗan Togo, shi ya miƙa ledarsa. Magatakarda ya duba, ya ce ya koma gefen dama. Ya ce kamfani zai nema masa izinin zama.

Da ya zo kaina, ya ce, "Lebura. Gefen hagu."

Na ce, "Malam, ni birkila ne. Shekara huɗu ina jera bulo a nan."

Ya juyo da littafin ya nuna mini. Ga yatsana na 1976. Ga wani rubutu kusa da shi wanda ban iya karantawa ba. Ya ce, "Ina takardarka?"

Na nuna masa ginin da ke bayansa, hawa uku. Na ce, "Ga ta nan. Zo ka duba ko akwai inda ta karkace."

Ya ce, "Na sani. Kullum ina ganinka. Amma katanga ba ta shiga cikin fayil."

Na yi shekaru ina jin haushin mutumin nan. Yau na san gaskiya ya faɗa mini. Wanda zai sa hannu a ofishin shige da fice bai san ni ba. Bai taɓa ganin katangata ba. Abin da ke gabansa kawai yake gani.

Wasu sun ba ni shawara. Sunka ce in ce ni mutumin Jibiya ne, ko Sabon Birni. Harshe ɗaya, zane ɗaya, wa zai gane? Gaskiya ne, mu da su uwa ɗaya uba ɗaya muke. Akwai waɗanda sunka yi haka sunka zauna. Amma littafin kamfani ya riga ya ce Nijar. Na kuma ga yadda masu yin haka suke zama. In sun hangi ɗan sanda sai su canza hanya. In an cuce su ba su iya kai ƙara. Na ce ba zan iya wannan zama ba.

Na sai da katifa da rediyo da keke a kuɗin banza, don kowa sayarwa yake yi, ba mai saye. Kuɗin aikina na watan nan ban same su ba. Mutum wajen miliyan biyu sunka bar Najeriya a lokacin. Kusan rabinsu ƴan Gana ne. Su sun fi mu shan wuya, don a kwanakin farko iyakar ƙasarsu tana rufe. Sun yi kwanaki a bakin ruwa da bakin iyaka suna jira. Mu ƴan Nijar munka hau manyan motoci munka yi arewa. Kwana uku munka yi a bayan mota kafin Kano.

Ranar da za mu rabu, ɗan Togon nan ya ba ni cokalin gini da ma'aunin ruwa. Ya ce, "Wannan ba mai karɓe maka a iyaka." Shekaru bayan haka wani ɗan garinmu ya dawo daga Ikko. Ya ce ya gan shi. Yana nan, har ya fara karɓar kwangilar kansa. Hannunsa bai fi nawa da nisa ba. Ledar nan ce ta raba mu.

Komowa gida

Na iso Cadakori kamar yadda kawuna ya iso. Yana da rai a lokacin. Ya dube ni, bai ce komai ba. Ya matsa mini wuri a kan tabarma.

Shekara ta gaba ta fi wuya. A watan Afrilu 1984 Najeriya ta rufe iyaka. Damina kuma ta ƙi. Yunwar nan ce mutane sunka sa wa suna El Buhari. A watan Mayu 1985 anka sake korar baƙi daga Najeriya. Iyaka ba ta buɗe ba sai watan Maris 1986. Waɗanda ba su san komai ba sai ɗaukar kaya da gadi sun rasa inda za su sa kansu.

Ni cokalin nan ne ya ci da gidana. Na yi gini a Maraɗi. Na yi ajin lakwal, na yi shaguna, na yi bakin rijiya. A nan na gane abu na biyu. Takarda tana tsai da kai a ƙasar wani. Sana'a kuwa tana bin ka duk inda anka kore ka. Mutum yana bukatar su duka biyu.

Da anka buɗe makarantar yaƙi da jahilci a garinmu, ni ne na fara sa suna. Ranar da na iya haɗa baƙaƙe, na ce wa malaminmu ya rubuta mini "lebura" a allo. Na zauna ina kallonta. Baƙi shida ne kacal. Su ne sunka raba ni da aikin shekara shida.

Takarda iri uku ce

Yanzu ga abin da na so jikana ya gane. Takardar baƙo iri uku ce. Mutanenmu suna haɗa su wuri ɗaya, a nan ake yin asara.

Ta ɗaya ita ce takardar shiga. Ta ziyara ce. Kwanakinta ƙidayayyu ne. Kwana 90 na CEDEAO irinta ne. Bizar Umra ma irinta ce. Ba ta ba ka izinin aiki ba. Ranar da ta ƙare, ka zama mai laifi ko ba ka yi wa kowa komai ba.

Ta biyu ita ce takardar zama da aiki. Tana da wa'adi, ana sabunta ta. Sau da yawa tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki. Iƙama ta Saudiyya haka take. A 2013 hukumar can ta bi waɗanda takardunsu ba su daidai ba, ta mai da mutane da yawa ƙasashensu. Masu zuwa Abijan ma sun san katin zama da anka ɗora wa baƙi a 1990. Sai a 2007 anka ɗauke shi ga ƴan CEDEAO.

Ta uku ita ce takardar zama na dindindin. Mai ita yana zaune da iyalinsa. Yana iya canza aiki. Ba a ce masa wa'adinka ya cika. Ita ce jikana yake so. Ita ce kuma ta fi wuyar samu. Ƙasa ba ta ba da ita don tausayi. Tana ba wanda ta auna, ta ga tana bukatarsa.

Awon Kanada

Na ce wa jikana, "Tashi mu je wajen mushe." Mushen lakwal ɗin garinmu mutumin kirki ne. Ya binciko mana dokar Kanada, ya fassara mana da Hausa. Na rubuta a littafina. Ga ta kamar yadda take a 2024.

Tun 1967 Kanada take auna masu son zama da maki, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. A hanyar ma'aikata masu ilimi, maki 100 ne. Sai mutum ya samu 67.

Harshe, wato Faransanci ko Ingilishi, yana da maki har 28. Jarrabawa ake yi, ta ji da magana da karatu da rubutu.

Karatun boko yana da har 25. Sai an duba takardunka an tabbatar da su. Mafi ƙanƙanta ita ce ta gama sakandare.

Shekarun aiki suna da har 15. Sai da shaida daga inda ka yi aikin.

Shekarun haihuwa suna da har 12. Mai shekara 18 zuwa 35 shi ke samun duka. Mai 47 ba ya samun ko ɗaya.

In wani ya riga ya ba ka aiki can, maki 10.

Sauran 10 na abin da zai sa ka saba da wuri ne, kamar ɗan'uwa na kusa da ke zaune can.

Masu aikin hannu, irin magina da masu walda, suna da tasu hanya. Sai mutum ya yi cikakken aikin shekara 2 cikin shekara 5 da sunka wuce. Sai kuma ya samu aikin shekara guda a rubuce daga can, ko takardar ƙwarewa daga wata jiharsu. Shi ma sai ya yi jarrabawar harshe. Bayan wannan akwai awon likita, da takardar ƴan sanda mai nuna ba ka da laifi. Kuma cika sharaɗi layi kawai yake sa ka. Tun 2015 jera masu nema suke yi bisa maki, su riƙa kiran na sama.

Mushe ya ɗauki alli ya ce, "To, mu auna ka." Jikana ya bar lakwal a aji shida. Karatu, babu maki. Faransancinsa na gaisuwa ne. Harshe, babu. Waldar rani biyu ba takarda. Aiki, babu. Ba shi da kowa can. Shekarunsa 22.

Mushe ya ce, "Kana da 12."

Na ce, "Abokina, ka fi ni. Ni ko ɗaya ba ni da shi."

Dariya munka yi, amma na ga idon yaron ya kaɗa. Ya ce, "To shi mutumin Maraɗi fa?" Mushe ya ce masa ma'aikatan gwamnatin Kanada kaɗai ke yanke wannan hukunci. Ba dillalin da ke da ita a aljihu. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka cikin wata ɗaya, ko dai takardar jabu zai ba ka, ko ka neme shi ka rasa.

A hanyar komowa gida ba wanda ya yi magana. Ni ina ta tunani. Tambayar da magatakarda ya yi mini a 1983, ita ce Kanada take yi wa jikana yau. Me ka iya? Wa ya shaida? Ina anka rubuta?

Abin da munka yanke

Shanu suna nan a turke. Gona ba a jinginar ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma ban ce wa yaron ya zauna ya naɗe hannu ba. Na san gonar da ta ci da mutum goma a zamanin ubana, yau mutum talatin ke kallonta. Samari za su tafi, ko mun so ko mun ƙi. Ni ma na tafi.

Na sai da tumaki biyu. Da kuɗin munka fara da takardar haihuwa. Ba a yi masa ba lokacin da anka haife shi, sai da munka bi ta wajen alƙali da shaidu biyu. Daga nan ya yi katin ɗan ƙasa. Yanzu ya shiga cibiyar koyon sana'a, irin waɗanda ake kira CFM. Walda yake yi. In ya gama za a ba shi takarda. Da dare yana zuwa wajen mushe yana ƙara Faransanci.

Ko zai kai Kanada? Hanyar tana da nisa, ban ɓoye masa ba. Har yanzu wani lokaci yana fushi da ni. Abokinsa ɗaya ya bi ta Agadas ya shiga Aljeriya. Jikana yana ganin an bar shi baya. Ni kuwa na san ana kwaso mutanenmu daga can, a sauke su cikin hamada, su tako wajen kilomita 15 kafin Asamaka. Na fi so ya yi fushi da ni yana gabana. In ya samu takardarsa ya ce zai tafi Kano, ko Abijan, ko gaba da nan, ni zan raka shi tasha.

Ga ƴan'uwana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙonku.

A yi wa kowane jariri takardar haihuwa tun yana cikin zanen goyo. Ita ce uwar takardu. Makiyayi ma yana bukatarta, don shi ya fi kowa ƙetare iyaka.

Yaron da zai tafi biɗa, ya tafi da sana'a a hannu da shaidarta a aljihu. In ya koya a gaban maigida, ya nemi inda ake jarrabawa.

In an ɗauke ka aiki, ka san abin da anka rubuta kusa da sunanka. In ba ka iya karantawa ba, nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka. In matsayinka ya ƙaru, ka sa a gyara littafi. Ranar barin aiki ka karɓi takardar shaida.

In ka sauka ƙasar wani, ka ƙidaya kwanakinka. Ka je ofishin jakadan Nijar ka yi kati. Ka nemi izinin zama tun ba a tambaye ka ba.

Ku sani doka tana canzawa. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu har sai an sake sanarwa. Saboda haka kafin ka tashi, tambayi hukuma abin da ake ciki. Kada ka dogara da labarin tasha.

Kada a sai da gona ko bisa don dillalin biza. In tafiya ta ɓaci, gonar nan ce za ta karɓe ka.

Na ƙarshe, ku shiga makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata. Kada kunya ta hana ku, kamar yadda ta hana ni a Ikko. Cokalin ɗan Togo yana nan rataye a ɗakina, ya cinye har ya yi siriri. Kusa da shi na rataye takardata ta gama karatun manya. Da na same ta kafin 1983, da labarin nan ya canza.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai do matafiyanmu gida lafiya. Amin.